Superbike: Tseren Baburan da Ake Sayarwa a Kasuwa

Ɗan acaɓan da ke ratsa titin Jos a Lafia kan Bajaj zai fi saurin gane wannan gasa fiye da MotoGP, inda ake ƙera babura don tsere kaɗai. A Gasar Superbike ta Duniya, wadda aka fara a 1988, dole babur ya zama ƙirar da ake sayar wa jama'a. Makanikai ne ke cire fitilu da madubai, su ƙara wa inji ƙarfi.

Ducati na Italiya ya fi kowane kamfani cin kambu. Jonathan Rea ya lashe gasar sau 6 a jere kan Kawasaki, daga 2015 zuwa 2020, kafin Toprak Razgatlıoğlu ɗan Turkiyya ya ƙwace ta a 2021 kan Yamaha. Toprak gwanin birki ne na gaske. In ya nufo kwana, har tayar baya kan ɗaga sama.