Sayen tikitin sinima ta waya: Yadda za a tsara manhajar da dattawa za su iya amfani da ita

Wasu daga cikin waɗanda suka haura shekara 60 a yau su ne samarin da suka yi layi a ƙofar sinimar Plaza ko Orion a Kano domin kallon finafinan Indiya. A wancan zamani, sayen tikiti bai wuce miƙa kuɗi ta taga a karɓi 'yar takarda ba. Bayan da Silverbird ya buɗe gidan sinimarsa a Legas a 2004, harkar ta koma cikin manyan kantuna, kuma yanzu kamfanoni irin su Filmhouse da Genesis suna sayar da tikiti ta intanet. Tagar ta koma cikin waya, kuma dattijo ne ya fi shan wahalar isa gare ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030, mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance mai shekara 60 ko fiye. Duk mai ƙera manhaja da ya yi watsi da su, kasuwa ya yi watsi da ita.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne na ido da yatsa. Daga kimanin shekara 40 ido kan fara gajiya wajen ganin abu na kusa. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan intanet ta fitar, sun buƙaci bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, kuma rubutun ya iya ninka girmansa ba tare da shafi ya wargaje ba. Kamfanin Apple ya ba da shawarar kada maɓalli ya gaza awo 44 a tsaye da kwance, Google kuma ya ce 48.

Taswirar kujeru ce ta fi saɓa wa wannan ƙa'ida, domin cusa ɗaruruwan ƙananan akwatuna a allon da bai wuce tafin hannu ba yana sa yatsa ya taɓa kujerar da ba a nufa ba. Ya fi dacewa manhaja ta fara da tambaya: gaba, tsakiya ko baya? Sannan ta nuna kujerun da ke kusa da ƙofa da waɗanda ba sai an hau matakala ba, saboda masu ciwon gwiwa.

Amma babban abin da ke korar dattawa shi ne tsoron yin kuskuren da zai ci musu kuɗi, ga kuma agogo yana ƙirga musu lokaci. Manhajoji da yawa kan riƙe kujera na 'yan mintoci kaɗan. A cikin wannan ɗan lokaci ake so mutum ya shigar da lambar katinsa, ya jira saƙon banki, ya fita daga manhajar ya karanta lambar sirri, ya haddace ta, ya dawo ya rubuta. Matashi zai gama cikin ƙiftawar ido. Dattijo kuwa kafin ya lalubo tabarau lokaci ya ƙare, an mayar da shi farko. WCAG ta tanadi cewa a gargaɗi mutum kafin lokaci ya ƙare, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Sabon bugunta na 2.2, wanda ya fito a watan Oktoban 2023, ya ƙara da cewa kada shiga asusu ya dogara ga hadda kaɗai, wato a bar mutum ya kwafo lambar ya liƙa.

Kafin a cire ko sisi, ya kamata a nuna shafi guda mai ɗauke da sunan fim, da rana da lokaci a rubuce ƙarara, misali “Asabar, ƙarfe 4:30 na yamma”, da jimillar kuɗi har da caji, da maɓallin komawa baya. Idan biya bai shiga ba, a faɗa cikin harshen da kowa zai gane ko an cire kuɗin ko ba a cire ba, tare da lambar waya da mutum zai amsa. Wanda aka taɓa cire wa kuɗi bai ga tikiti ba, da wuya ya sake gwadawa.

Tilasta buɗe asusu kafin saye ma cikas ne. Lambar waya ta wadatar. Tikitin kuma a turo shi ta saƙon tes, domin ya buɗe ko babu data a ƙofar shiga, kuma ɗa ko jika ya iya saya wa tsohonsa ya tura masa. Samar da Hausa da Yarbanci da Ibo, haɗe da murya mai karanta shafi, zai amfani waɗanda karatun Turanci ke yi wa nauyi.

Kafin a saki manhajar, a miƙa ta ga wasu dattawa a kan wayoyinsu na yau da kullum, a ce su sayi tikiti biyu, masu ƙirar kuma su zauna gefe su lura da inda kowa ya tsaya yana neman taimako.