Kyanwa Mai Ciwon Ƙoda: Yadda Za Ka Yi Jinyarta Har Zuwa Ƙarshe



Ya kai mai karatu, idan akwai tsohuwar kyanwa a gidanku, wadda ta haura shekara 10, ka ga ta fara yawan shan ruwa da yawan fitsari, tana ramewa, gashinta ya daina sheƙi, ta zo ta shinshina abinci ta juya, to kada ka ce tsufa ne kawai. Sau da yawa ƙoda ce ta fara gazawa, domin wannan ciwo yana cikin waɗanda suka fi kama tsofaffin kyanwoyi.

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da datti ta hanyar fitsari, ta riƙe wa jiki ruwan da yake bukata. Idan ta raunana sai ta kasa riƙe ruwan, fitsari ya yi yawa ya tsinke, ƙishirwa ta dami dabbar. Dattin kuwa sai ya taru a jini, shi ke kawo tashin zuciya da amai da warin baki, wani lokaci har da gyambo a baki. Ƙoda tana da hannu wajen haɗa jini da daidaita hawansa, shi ya sa za ka ga dasashin kyanwar ya yi fari, ko kuma hawan jini ya makantar da ita dare ɗaya. Abin da ya sa ciwon yake da yaudara shi ne, alamun ba su bayyana sai kusan kashi 2 cikin 3 na aikin ƙodar ya tafi. Wanda ya tafi kuwa ba ya dawowa. Saboda haka ka sani tun farko, ba warkewa ake nema ba, sauƙi ake nema da jinkirta lalacewar abin da ya rage.

Abu na farko, kai ta ga likitan dabbobi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai kuma na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Likita zai auna jini da fitsari, ya gaya maka matakin da ciwon ya kai, domin hawa 4 aka kasa shi. Kyanwar da aka gano nata da wuri takan yi shekaru tana zaune lafiya lau. Wadda ta kai hawa na 4 kuwa, galibi makonni ne ko 'yan watanni.

Ina roƙonka don Allah, kada ka ba ta maganin mutane. Panadol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su ma ƙodar suke ƙarasawa. Da yawa tausayi ne yake sa mutum ya ɓallo rabin ƙwaya ya ɗura mata, ya wayi gari ya ga gawa.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce rabin jinyar. Asalin kyanwa dabbar ƙasashe masu fari ce, ba ta damu da shan ruwa ba, daga jikin abin da ta farauto take samun yawancinsa. To yanzu da ƙoda take zubar da shi, dole ka taimaka mata. Ajiye kwanoni biyu ko uku a wurare daban-daban cikin inuwa, ka riƙa sauya ruwan, musamman da bazara. Ka riƙa jiƙa mata abinci da romon da ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, don albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Idan ciwon ya yi nisa, likita yakan yi mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fatar doron wuya, har yakan koya wa mai ita yadda zai yi a gida.

Abinci kuma, wanda ya fi cutar da ita shi ne mai yawan sinadarin fosfaras, watau irin su ƙashi da kan busasshen kifi da madara, waɗanda su ne muka saba jefa wa kyanwa. Akwai abincin gwangwani da aka haɗa musamman don masu ciwon ƙoda, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. In bai samu ba, tambayi likita abin da za ka dafa mata. Amma fa kada ka yi gardama da ita har ta kwana biyu ko uku ba ta ci komai ba, saboda yunwa tana taɓa hantar kyanwa da sauri. Gara ta ci abin da take so da ta zauna haka nan. Ɗumama abincin kaɗan ƙamshinsa ya tashi. Akwai kuma magungunan tashin zuciya da na buɗe ciki da na hawan jini da likita yake rubutawa.

Wata rana duk wannan zai daina aiki. Za ta daina ci da sha, amai ba ya tsayawa, ta kasa tashi zuwa wurin fitsari, ta ɓuya a lungu, jikinta ya yi sanyi, wata har da farfaɗiya. Ka tuna kyanwa tana ɓoye ciwo, rashin kukanta ba ya nufin ba ta wahala. Dabara mai kyau ita ce ka samu takarda, kullum ka rubuta ko yau ta ci, ta tashi, ta zo wurinka. Idan ranakun wahala suka rinjayi na sauƙi, lokacin shawara ya yi.

A nan ne wasu suke yin abin da ya fi muni: a sa ta a buhu a kai bola ko bayan gari a yar, wai don kada ta mutu a gida. Wannan ba mafita ba ce, sauke nauyi ne a kan dabbar da ba ta iya neman ko ruwan sha. Kai ɗalibi ka san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa har ta mutu. Wanda ya yar da maras lafiya a rana, ya duba nisan da ke tsakaninsa da wannan mata.

Hanyoyi biyu suka rage. Ko ka ci gaba da jinya a gida, ka shimfiɗa mata tsumma mai laushi a wuri mai shiru, ka riƙa jiƙa mata baki, ka goge mata jiki, likita yana ba da maganin rage raɗaɗi, har Allah Ya karɓi ranta. Ko kuma likita ya yi mata allurar da za ta kawo ƙarshen wahalar: ya fara sa ta barci, sannan ya ba ta maganin da zai tsayar da numfashi da zuciya cikin 'yan mintoci, ba tare da ta ji zafi ba.

Shin hanya ta biyu ta halatta? Malamai sun yi saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil ya kawo halascin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammanin rayuwarta, don a hutar da ita. Malaman Shafi'iyya kuwa sun hana. Lura da sharaɗin da kyau: ɗebe tsammani, ba gajiya da jinya ko ƙyamar wari ba. Wanda zai tabbatar da haka likita ne, ba kai ba. Kuma wannan hukunci na dabba ne kaɗai, ba a kai shi kan ɗan Adam. Ka je da bayanin likita wurin malaminka, ka kuma shawarci mahaifanka, kada ka yanke kai kaɗai. In ka zaɓi allura, to a hannun likita kawai. Maganin ɓera da jefawa a ruwa azaba ce tsagwaronta.

In akwai ƙannenka da suka shaƙu da ita, gaya musu gaskiya, ka bar su su shafa ta su yi ban kwana, kada a ce musu ta ɓata. Bayan ta mutu a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta, a ɗora dutse a kai, domin maganin allurar yana nan a jikinta, kare ko ungulun da ya ci naman shi ma yana iya mutuwa.