Wasan Domino A Cikin Gida: Ina Matsayinsa A Shari'a?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kwanan baya wani ɗan kasuwa a Mashi, garin nan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ya zo mini da wani ɗan akwati da ya sawo wa 'ya'yansa tsaraba daga Umra. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, uwar yara ta ce wannan caca ce, in ƙona shi. Yaya hukuncinsa?" Da na buɗe sai na ga domino ne. Na ga ya dace amsar ta isa ga sauran iyaye.

Shi dai domino 'yan falanƙai ne guda 28. Kowane an raba shi gida biyu, a kowane gida akwai ɗige-ɗige daga babu har zuwa 6. Akan kife su a cakuɗa, kowa ya ɗibi rabonsa, sa'an nan a riƙa jerawa, uku ta haɗu da uku, biyar da biyar. Wanda ya riga ƙare nasa shi ya ci. An ambaci irinsa a ƙasar Sin tun ƙarni na 13, wanda muka sani kuwa ya bayyana a Italiya a ƙarni na 18. Saboda haka babu nassi a kansa da sunansa, sai dai ƙiyasi.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne caca. Allah Ta'ala ya haramta ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, ya gwama ta da giya, ya bayyana cewa tana jawo gaba da ƙiyayya, tana shagaltarwa daga ambatonsa da salla. Duk wasan da aka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, haramun ne, ko da alewa ce yara suka zuba.

In babu kuɗi fa? Nan malamai suka dubi wasanni biyu na dā. Na farko nardu, watau wanda ake jefa ƙwaya irin ta lido. Hani a kansa ya tabbata a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Na biyu shaɗaranji, wanda ya dogara ga tunani. Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya hana duka biyun. Imam Shafi'i kuwa ya tsaya ga karhanta shaɗaranji. Daga nan malaman mazhabarsa suka ce abin da ya dogara ga lissafi ya bi shaɗaranji, wanda ya dogara ga sa'a ya bi nardu. Domino ya ɗebo daga kowane: rabon falanƙai sa'a ne, jera su kuwa lissafi ne. Shi ya sa malaman zamani suka rabu, wasu suka hana, wasu suka sauƙaƙa.

Abin da na gaya wa mai tambaya shi ne, ga baligi barinsa ya fi tsentseni, musamman a ƙasarmu ta Malikiyya. Amma yaro yana da hakkin wasa. Nana A'isha ta yi wasan 'yar tsana a ɗakin Manzon Allah, bai hana ta ba. In uba ya bi masu sauƙaƙawa don yara su koyi ƙidaya da haƙurin jiran layi, ba za a ce ya buɗe gidan caca ba, muddin ya tsare abu huɗu: kada a zuba kome, kada a wuce lokacin salla ko na makarantar allo, kada a yi zagi ko rantsuwa, kuma a yi shi a gaban babba. Haka darar gargajiya take, mai gurbi 30, wadda aka daɗe ana yi a gindin bishiya.

Ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata, haɗarin yau yana cikin wayar da ke hannun yaro, inda cacar ƙwallo ke cinye jari da albashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji daga bakin ubansa dalilin da ya sa ba a zuba ko sisi a wasa, da wuya mai caca ya ja shi. Wanda aka ƙone wa akwati ba bayani kuwa, zai nemi wani a bayan gari.

Allah ne mafi sani. Allah ya shirya mana zuriya, amin.