BAYANI: Babur ɗin jeji ko babur ɗin ruwa, wanne ne ya dace da fadamar Guri?

A shekarar 2020 gwamnatin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da ƙirƙirar sababbin gandun daji na ƙasa guda goma, ciki har da dausayin Baturiya da ke masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa. Tun daga lokacin, duk sanda aka tayar da zancen yawon buɗe ido a wannan yanki, tunanin matasa da dama kan tafi ga abin da suke gani a bidiyon Legas da Dubai, wato babura masu tsalle a kan yashi da babura masu tsaga ruwa.

Ƙaramar Hukumar Guri, maƙwabciyar Kiri Kasamma inda Baturiya take, tana da abubuwa biyun da waɗannan injina ke nema. Tana da jigayi na rairayi, tana kuma da ruwa mai faɗi. Sai dai zaɓen abin hawa don kilisa a irin wannan wuri ya wuce batun sha'awa da nauyin aljihu, domin ƙasar da ruwan duka suna da masu su: manoma, masunta, makiyaya da 'yan fito.

Yaya ƙasar Guri take?

Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa ne daga Kogin Kano da Kogin Challawa. Idan ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu zuwa rassa, ciki har da Marma wanda ke zubawa a tafkin Nguru, da Burum Gana. Daga bisani ruwan da ya tsira yakan haɗu da na Kogin Jama'are a kusa da Gashuwa, ya zama Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Guri tana tsakiyar wannan rarrabuwa.

Saboda haka ƙasar iri biyu ce. A kan tudu rairayi ne mai laushi, irin wanda jihar ta samo sunanta daga gare shi. A fadama kuwa laka ce mai danƙo, wadda ke riƙe ƙafar babur da damina, ta bushe ta tsattsage da rani. Daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba ruwa kan malale fadamun, ya yanke wasu ƙauyuka daga hanyar mota, har ya zama ba a isa gare su sai da kwale-kwale.

Manyan madatsun ruwa biyu sun sauya wannan tsari. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a Jihar Kano, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da su. Kafin a gina su, kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan gina su, sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara, a hankali, yana ajiye taɓo. Wannan yanayi ne ya ba ciyawar kachala damar mamaye magudanan ruwa, ta toshe wasu rassan kogin, ta karkatar da ruwa zuwa gonaki da gidaje. Duk wanda zai saka inji a ruwan Guri, da kachala zai fara karo.

Mene ne babur ɗin jeji, kuma me ya bambanta shi da na haya?

Babur ɗin jeji an ƙera shi ne don hanyar da ba kwalta. Tayarsa tana da manyan haƙora masu kama yashi da taɓo, ƙafar gaba ta fi ta baya girma, cikinsa ya yi nesa da ƙasa, kuma abin da ke shanye gargada a jikinsa dogo ne. Ba shi da nauyi, ba a kuma yi shi don ɗaukar kaya ba.

Iri biyu ne ya kamata mai saye ya bambance. Na farko shi ne na tsere zalla, wanda galibi ba shi da fitila, ba madubi, ba wurin maƙala lamba. Irin wannan ba na hawa titi ba ne, kuma injinsa na buƙatar sauyin baƙin mai da duba akai-akai, ana lissafa aikinsa da sa'o'i maimakon kilomita. Na biyu shi ne mai raba ƙafa, wanda ke da fitila da lamba, yana tafiya a kwalta yana kuma shiga jeji. Kamfanonin Honda da Yamaha sun daɗe suna ƙera ƙananan irinsa, kuma da su ma'aikatan lafiya da na gona ke ratsa karkara a ƙasashen Afirka da dama.

Ga mai koyo, ƙaramin inji mai ƙarfin cc 125 zuwa 200 ya wadatar. Babban inji a hannun wanda bai saba ba hatsari ne, musamman a rairayi, inda ƙafar gaba ke nutsewa da zarar an sassauta wuta ko an danne birkin gaba. Sirdin irin wannan babur yana da tsayi, don haka wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba zai sha faɗuwa tun kafin ya bar ƙofar gida.

Babban ma'aunin, duk da haka, shi ne kayan gyara. Baburan da suka cika hanyoyin Haɗejiya, Guri da Nguru su ne irin Bajaj Boxer da TVS da takwarorinsu na China, kuma kowane bakanike a bakin kasuwa ya san cikinsu. Babur ɗin jeji da aka shigo da shi na hannu daga Turai, idan wani ƙarfe ya karye a cikinsa, mai shi na iya jiran makonni kafin a samo masa daga Kano ko Legas, ko ma daga ƙasar waje, a farashin da ke bin dala. Yashi kuma yana cinye sarƙa da haƙoranta, yana toshe matatar iska. Shi ya sa ga mafi yawan matasan yankin, hanya mafi arha ita ce sanya wa babur ɗin da aka saba da shi taya mai haƙora da kula da matatar iskarsa.

Akwai kuma doka. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano ga mai tuƙi da wanda aka goya. A arewa kuma babur ya zama batun tsaro: Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, kuma jihohi irin su Zamfara da Katsina sun sha taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. Ayarin matasa a kan babura marasa lamba a cikin daji abu ne da zai tayar da hankalin ƙauye da na jami'an tsaro. Sanar da mai unguwa ko dagaci kafin fita ba ƙauyanci ba ne.

Babur ɗin ruwa zai yi aiki a kogin Haɗejiya?

Abin da mutane ke kira Jet Ski asalinsa sunan kayan kamfanin Kawasaki ne na Japan, wanda ya fara sayar da shi a farkon shekarun 1970. Yamaha na kiran nasa WaveRunner, na kamfanin Kanada kuma Sea-Doo. A Nijeriya an fi ganinsu a gaɓar tekun Legas.

Yadda yake aiki shi ne tushen matsalarsa a fadama. Ba shi da farfela a waje kamar injin jirgin fito. Yana zuƙo ruwa ne ta wata kafa da ke ƙarƙashinsa, wata farfela ta ciki ta matsa shi, ya feso ta baya da ƙarfi. Duk abin da ke cikin ruwan, shi ma za a zuƙo shi: ganyen kachala, bado, igiyar raga, leda, yashi. Ciyawa kan naɗe farfelar, injin ya rasa ƙarfi ya yi zafi, yashi kuma ya goge ta. Masu ƙera shi da kansu suna gargaɗin kada a kunna shi a ruwa maras zurfi, alhali yawancin fadamar Guri ruwa ne shimfiɗaɗɗe mai cike da tsiro.

Abu na biyu shi ne tuƙi. Da feshin ruwan ake juya shi, saboda haka a yawancinsu, idan mai tuƙi ya firgita ya saki wuta, to ya rasa ikon kaucewa, injin zai ci gaba da zamewa inda ya dosa. Tsofaffin samfura ba su da birki ko kaɗan. A mashigi mai ƙunci, inda kachala ta rufe gani ta kowane gefe, wannan na nufin karo da kwale-kwalen da ba a hango ba. Ko ba a yi karo ba, igiyar ruwan da yake tayarwa ta isa ta jefa ruwa cikin kwale-kwalen da aka cika da buhunan shinkafa har bakinsa ya kusa taɓa ruwa.

Abu na uku shi ne kuɗi. Babur ɗin ruwa na shan fetur fiye da babur na ƙasa nesa ba kusa ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da dama. Mutum biyu ko uku kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar kaya, yana kuma buƙatar tirela da motar da za ta ja shi zuwa bakin ruwa. Wanda ya faɗa cikin ruwan kuma yana fuskantar cutar tsargiya, wadda ta zama ruwan dare a wuraren da ruwa ke kwanciya.

Su wa za su biya farashin nishaɗin?

Dausayin Haɗejiya da Nguru yana cikin wuraren da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. An saka tafkin Nguru da mashigin Marma a jerin a shekarar 2000, Baturiya kuma a 2008. Dalili shi ne tsuntsaye. Duk shekara, idan hunturu ya kama a Turai, dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsaye kan tsallako Sahara su yada zango a nan har zuwa wajen watan Maris. Su ne ainihin abin da ke jawo baƙi. Ƙarar inji mai gudu tana tarwatsa su daga wurin kiwo da hutawa, ke nan wasan da aka kawo don jawo baƙi zai kori abin da baƙin ke zuwa kallo.

Masunta na da raga da taru da mali a cikin ruwan, kuma kifin da ake kyafawa a yankin yana kaiwa kasuwannin kudu. A kan tudu da gefen fadama akwai gonakin shinkafa, alkama, tattasai da albasa, akwai kuma burtali da mashayar dabbobi. Guri na daga cikin ƙananan hukumomin Jigawa da suka sha fama da rikicin manoma da makiyaya. A wurin da ɓarnar kwana ɗaya a gona kan jawo asarar rai, babur da ya ratsa shuka ko ya firgita garke ba ƙaramin abu ba ne.

Wace doka ce ke kan ruwan?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ita ce ke da alhakin rajistar jirage da tsaron fasinja. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon gwamnatin tarayya a kan hanyoyin ruwa a shari'ar da ta haɗa hukumar da Jihar Legas. Ƙa'idojinta sun wajabta sanya rigar ceto, sun hana lodi fiye da kima, sun kuma hana tafiyar dare.

A aikace, waɗannan ƙa'idoji ba su cika isa mashigan karkara ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A farkon Janairun 2026 wani kwale-kwale da ya taso daga Adiyani a Ƙaramar Hukumar Guri zuwa Garbi a Ƙaramar Hukumar Nguru ya kife da dare, aƙalla mutum 25 suka rasa rayukansu. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar, ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ta kuma nuna yadda ƙauyukan masarautar Haɗejiya suka dogara da kwale-kwalen katako idan hanya ta yanke. Ruwan da ba a iya tabbatar da rigar ceto ga mai zuwa kasuwa ba, da wuya a iya tsare shi daga gangancin mai wasa.

To, wanne za a zaɓa?

A ƙasa, amsar ita ce ƙaramin babur mai raba ƙafa, mai lamba da fitila, wanda ake samun kayan gyaransa a kusa, tare da hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu. Lokacinsa rani ne, wurinsa kuma jigayin da ba shuka, nesa da burtali, da izinin masu ƙasar.

A ruwa, babur ɗin ruwa bai dace da fadamar Guri ba. Wurinsa buɗaɗɗen ruwa ne mai zurfi da aka keɓe, mai jirgin ceto a kusa. Abin da ya dace da wannan dausayi shi ne jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki da ƙaramin inji, ko kwale-kwale da filafili a hannun ɗan fito wanda ya san mashigai. Irin wannan jirgi zai kai baƙo kallon tsuntsaye da safe, ya kai mai naƙuda asibiti da damina, kuɗin kuma ya tsaya a hannun 'yan gari.

Ga matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi, tambayoyin da suka kamata a yi wa Ƙaramar Hukumar Guri, gwamnatin Gwamna Umar Namadi, NIWA da hukumar kogunan a bayyane suke. Rigunan ceto nawa aka raba a mashigan Guri, kuma a hannun wa suke? Nawa aka ware don yashe kogi da cire kachala, kilomita nawa aka buɗe? Wane jami'i ne ke tsaye a mashigi ranar kasuwa yana ƙirga fasinja? Kuma a shirin gandun dajin Baturiya, wane yanki aka keɓe wa masunta da makiyaya, wane kuma aka haramta wa inji?