Ko Kun Sani?

Tukunyar iskar oksijin da ake gani a asibitocin Madawa, Buza da Keita, ko a rumfar mai walda, in tana cike matsin cikinta yakan kai bar 150 zuwa 200. Tayar mota kuwa bar 2 da 'yan kai take ɗauka. Shi ya sa ake ɗaure tukunyar a tsaye da sarƙa: in ta faɗi bakinta ya karye, tana iya fasa bango. Kada a kuskura a shafa wa bakinta giris ko man inji, domin maiko da oksijin mai matsi kan tayar da wuta ba tare da ashana ba. Zafin bazara ma yana ƙara matsin, sai a ajiye ta a inuwa.