Ina Tsohuwar Kwamfuta Take Kwana Bayan Ɗan Gwangwan Ya Tafi?

Da hantsi, idan maza sun fita nema, ɗan gwangwan kan shigo layi yana tura baro, sikelinsa a rataye, yana kiran a kawo kayan da suka mutu. Matan gida su aiko yara da tsohuwar rediyo, fankar da ta ƙone, cajar da ta daina aiki, wani lokaci har da kwamfutar da maigida ya jingine shekara da shekaru. A auna, a biya, a rabu lafiya. Daga nan ba mai sake tambayar inda kayan za su kwana.

Tambayar kuwa ta kai a yi ta. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta yar da kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 ne aka tattara aka sarrafa yadda ya dace. A Afirka abin bai kai ko kashi 1 ba. Rahoton ya yi hasashen tulin zai kai tan miliyan 82 nan da 2030.

Wannan shara dukiya ce, shi ya sa sunan "jari bola" ya faɗa daidai. A cikin wayoyin kwamfuta akwai jan ƙarfe, a jikin koren allon nan da masu gyara ke kira fanel akwai ɗigon zinare da azurfa. Rahoton ya ƙiyasta darajar ƙarafan da ke cikin sharar 2022 a kan dala biliyan 91. Japan ma ta nuna hakan a aikace: lambobin yabon da aka raba a gasar Olamfik ta Tokiyo, da tsofaffin kayan lantarkin da jama'a suka bayar aka ƙera su, ciki har da wayoyin hannu sama da miliyan 6.

A ƙasashenmu, kwamfuta ba ta saurin mutuwa, kuma wannan abin yabo ne. Da yawa daga cikin ɗaliban da suka koyi danna kwamfuta a Najeriya a kan ta hannu suka koya, wadda ta gama aiki a wani ofis a Turai ko Amurka. Wanda ya shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga matasa da 'yar sukudireba da ƙarfen dalma suna tayar da abin da Bature ya yanke wa ƙauna. A ciro gilashi daga wannan, batir daga waccan, a haɗa guda mai rai. Duk shekarar da suka ƙara wa na'ura, sun rage haƙar ma'adinai da ƙonar makamashin da za a yi wajen ƙera sabuwa.

Sai dai ba duk abin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ne na hannu ba, wani mushe ne. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma kusan rubu'insu ba sa aiki. Mafi yawansu a cikin motocin tokumbo ake cuso su, inda ido bai cika kaiwa ba. Doka ta hana hakan. Tun bayan da aka jibge dubban durom na guba daga Italiya a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, a 1988, duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, Afirka kuma ta yi tata a Bamako a 1991. Amma kaso mafi girma na sharar da ke bololinmu mu muka more ta har ta mutu a hannunmu, don haka ba za a ɗora wa baƙi laifin duka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne matakin ƙarshe, lokacin da gyara ya ƙi. Hanya mafi arha ta raba jan ƙarfe da robar da ta lulluɓe shi ita ce wuta. A tara wayoyi, a sa tsohuwar taya ko soson firji, a kunna, baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Wurin da ya fi yin suna da wannan shi ne Agbogbloshie a birnin Akara, dab da kasuwar da Hausawa 'yan albasa suka sani sarai. Akasarin masu ƙonar matasa ne da suka gangaro ci-rani daga arewacin Ghana. A 2019 wasu ƙungiyoyin kare muhalli sun gwada ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, suka tarar ƙwai guda na ɗauke da gubar dayoksin da ta ninka abin da Turai ta amince mutum ya ci a rana sau 220. Gwamnati ta rushe wurin a watan Yulin 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, watsuwa ta yi cikin lunguna, kusa da gidajen mutane.

Ban da hayaƙi, akwai dalma. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi yakan ƙunshi fiye da kilo ɗaya nata, batiran mota da na sola kuwa ita ce cikinsu. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, bayan an riƙa niƙa duwatsun zinare a tsakar gida. Ƙurar da ke tashi idan an fasa batir da gatari ita ce dai waccan gubar. Tana bin tufafin uba har ɗaki, yaro mai rarrafe ya kai ta baki, ta daƙushe masa ƙwaƙwalwa ba tare da an ga ciwo a jiki ba. Yanzu da sola ta hau rufin gidaje da shaguna daga Sakkwato zuwa Damagaram, matattun batira ƙaruwa za su yi.

Korar 'yan jari bola ba magani ba ne, domin babu wata hukuma da ke da ƙafar shiga kowane lungu kamar su. Abin da ya kamata a raba su da shi wuta ce da gatari. Akwai ƙananan injuna da ke feɗe waya su fitar da jan ƙarfe tas, wanda ma ya fi ƙonanne tsada a kan sikeli. A Najeriya hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idoji tun 2011 da suka ɗora wa masu ƙera kayan lantarki da masu shigo da su nauyin kula da ƙarshensu, aka kuma kafa ƙungiyar EPRON a 2018 don tafiyar da tsarin. Kamfanoni masu lasisi irin su Hinckley suna aiki a Legas, suna kwance kaya da hannu, su ware mai guba. Matsalar ita ce nisa. Muddin ɗan gwangwan na Kano ko Kaduna ba shi da wurin da zai kai fanel da batir a biya shi kuɗi mai kyau, ashana ce za ta ci gaba da yi masa aiki.

Mai gida ma yana da nasa rabon. Kwamfutar da ta yi nauyi sau da yawa ƙarin ma'adana kawai take so, kuma wadda ta yi wa ofis kaɗan za ta ishi makarantar unguwa. Kafin ta bar hannu a goge ta gaba ɗaya, a cire layi da katin ajiya daga waya, don hotunan iyali da bayanan banki suna nan ko da na'urar ta daina kunnuwa. Batirin da ya kumbura a ware shi nesa da zafi, domin yana kama wuta. Idan kuma ɗan gwangwan ya zo, a tambaye shi inda yake kai kayan, kuma kada a yarda a ƙona waya ko a fasa batir a layin da yara ke wasa.