Tsarin CMoy: Na'urar Ƙara Ƙarfin Sauti Mai Shiga Aljihu

Wayar hannu ba ta cika iya motsa hedifon mai turjiyar om 300 ba, shi ya sa sautinsa kan fito siriri. Wannan giɓi ne Chu Moy ya cike da tsarin da ya wallafa a 1998, wanda aka fi sani da CMoy, aka kuma saba haɗa shi cikin gwangwanin alawar Altoids.

Jigon na'urar shi ne guntun lantarki irin OPA2134, mai ɗauke da sassan ƙara ƙarfi biyu, ɗaya ga kowane kunne. Resisto biyu ke ƙayyade ƙarin: a raba om 10,000 da om 1,000, a ƙara ɗaya, sigina ya ninku sau 11. Ga hedifon mai ƙaramar turjiya wannan ya yi yawa, domin shuu ɗin na'urar kan fito fili.

Wahalar tana wajen wuta. Guntun na buƙatar wuta mai ɓangare biyu, alhali batirin guda ne, mai bolt 9. Sai a raba shi da resisto biyu masu om 4,700 kowanne, a sami bolt 4.5 sama da 4.5 ƙasa. Dabara ce mai arha, amma tana da rauni: hedifon mai jan wuta sosai yakan karkatar da tsakiyar, sauti ya gurɓace. Guntun TLE2426 ya fi riƙe wannan daidaito.

Kafin a jona hedifon, wajibi ne a shimfiɗa roba cikin gwangwanin kada dalma ta taɓa ƙarfe, sannan a auna mafitar da mita, domin tsayayyar wuta mai yawa tana iya ƙona siririyar wayar da ke cikinsa.